Kowane yaro da takardarsa

Cibiyata ƙarama ce a Makka, ba nisa da Sharar Mansur, inda duk lungun da ka bi za ka ji ana Hausa. Mu huɗu ne: ni, da mai koyar da magana, da mai gashin gaɓoɓi, da malama ɗaya. Muna karɓar yara daga goyo zuwa shekara 6, masu jinkirin magana ko tafiya, da masu galahanga.

Kafin mu fara komai sai mun zauna da iyaye mun rubuta wa yaro takardarsa shi kaɗai, wadda da Larabci ake kira khuɗɗa fardiyya. Tsarin Portage nake bi, wanda aka fara a jihar Wisconsin ta Amurka a 1969. Ana duba motsi, magana, fahimta, mu'amala da abin da yaro ke iya yi wa kansa, sannan malama ta riƙa zuwa gida duk mako. Wurinmu awa biyu yake yi a sati, sauran lokacinsa yana hannun uwa da kaka, don haka da kayan gidan nake aiki.

Bara aka kawo mini yaro ɗan shekara biyu da rabi, bai iya zama ba. Na jera buri goma a takarda ina karantawa, sai kakarsa ta katse ni.

"Malama, ni dai in ga ya zauna an ci tuwo da shi."

"To Hajiya, daga nan za mu fara," na ce.

Na soke bakwai nan take. Muka rubuta: zai zauna cikin bahon wanki, an tokare shi da matashi biyu, minti biyar, lokacin cin abincin rana. Cokali kuwa muka naɗe mariƙinsa da tsumma har ya cika masa hannu. Uwar tana sa alama a takardar da ta manna jikin firij. Bayan wata uku muka cire matashi ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ya ce musu su daina yi masa Hausa, wai harshe biyu ne ya ɗaure masa baki. Ba gaskiya ba ne, jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Tsohuwar nan Larabcinta na cefane ne kawai, ta yi wata shida tana goya jikanta shiru! Na roƙe ta ta dawo masa da waƙa da tatsuniya, na kuma rubuta hakan a takardar da hannuna.

Kuɗi kam sai haƙuri, wasu iyayen kashi biyu suke biya. Lokacin Hajji hanyoyi kan cushe, sai mu koma bidiyo ta WhatsApp. A irin wannan kiran ne kakar ta kara wayar kusa da bakinsa, na ji ya ce "uwa", yana miƙa hannu wajen kofin ruwa.