Ƙat-ƙat Ɗin Firjin Hajiya

Ina cikin shekarata ta biyu a shagon gyaran firji a unguwar Yelwa, nan Garwa, lokacin da kaina ya fara kumbura. Na iya walda, na iya ɗura gas, sai na ɗauka aikin ke nan. Azumin shekarar ya faɗo a watan Afrilu, kuma wanda ya san Garwa ya san abin da ake sha: zafi ya haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, wuta ta zo ta tafi kamar mai wasan ɓuya. Lokacin ne firji, ko firigo kamar yadda muke cewa a nan, suke mutuwa kamar kaji a lokacin annoba.

Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, wanda Fulani ke kira folere, ta aiko a zo a duba nata. Maigida ya tura ni. Na tarar firjin yana yin gurnani kaɗan, sai ka ji ƙat, ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. Ko murfin baya ban buɗe ba na ce, "Hajiya, kwamfuresa ta mutu, sai sabuwa." Kwamfuresa ita ce injin da ke tura gas cikin bututun firji.

Ta dafe ƙirji. "Ɗan nan, a tsakiyar azumi? Da wannan fa nake ciyar da marayu."

Da yamma maigida ya zo da kansa. Ya tsuguna, ya cire murfin da ke gefen kwamfuresar, ya zaro wani ɗan baƙin abu da bai kai akwatin ashana ba, ya girgiza shi a bakin kunnena. Sai ka ce tsakuwa a gwangwani. Rele ne, mai tayar da kwamfuresa. A cikinsa akwai wani ɗan faifai kamar kwabo da ke ba wayar tayarwa wuta na ɗan lokaci, idan ya yi zafi sai ya yanke. Wutar da ke ɗaukewa ta dawo nan take ce ta gasa shi har ya farfashe. Ƙat ɗin da nake ji kuwa na mai gadin kwamfuresar ne, wanda ke katse wuta idan ta yi yawa, wato shi aikinsa yake yi. Maigida ya ɗora mita a kan ƙafafu uku na kwamfuresar, wato inda ake jona mata wuta, ya nuna mini cewa ƙananan awo biyu idan aka haɗa su suna ba da babban, alamar wayoyin ciki lafiya lau. Kuɗin sabon rele bai kai cinikin Hajiya na yamma ɗaya ba.

A kan babur muna komawa ya ce, "Kai yaro, kafin ka yi shelar mutuwa, ka taɓa gawar tukuna." Bai ƙara ba, ni ma ban tanka ba.

Da a ce wannan ya ishe ni, da na huta. Bayan salla aka kawo wani firji na gwanjo, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala daga Turai. Wannan karon kwamfuresar ta ƙone da gaske, na auna na tabbatar. Maigida ya yi tafiya Ngaundere, sai na shiga kasuwa da kaina, na zaɓi wadda girmanta ya yi daidai da tsohuwar, ƙafafunta suka zauna a ramukansu cif. Na yi walda mai kyau, na ɗura gas da ƙiyasi, ina taɓa bututu da hannu kamar yadda na ga manya na yi. Firjin ya kwana yana aiki bai tsaya ba, ruwan da na sa a ciki ya wayi gari da ɗan sanyi-sanyi kamar na randa.

Amsar tana manne a jikin firjin, ni ne ban karanta ba. Takardar ciki ta ce gas ɗinsa R600a ne, ita kuwa kwamfuresar da na sayo an rubuta mata wani gas daban, R134a. A ido tagwaye ne, a ciki kowace da halinta. Ta R600a tana da babban ciki, don sai ta zuƙi iska mai yawa kafin ta ba da sanyin da waccan ke bayarwa da kaɗan, kuma man da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin ma'aikata irin maigidana sun tashi da R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana lalata rufin ozon, ƙasashe irin namu aka ba su wa'adi zuwa 2010. Daga nan R134a ya shigo, yanzu kuma yawancin firjin gida R600a ne. Shi wannan ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta, ga shi ba ya wari. Abin da ake zubawa 'yan giram ne, sau da yawa ƙasa da 100, kuma adadin yana rubuce a takardar. Aikin sikeli ne, tafin hannu ba ya auna shi. Har yau idan na tuna na kunna wutar walda a bayan firjin nan ba tare da na tabbatar bututun ya wofinta ba, sai tsigar jikina ta tashi.

Filta ma ban canza ba, ita da ke tsotse danshi kafin ya kai siririn bututu ya daskare ya toshe hanya. Duk wanda ya buɗe bututun firji ya mayar da tsohuwar filta, rowar banza ya yi. Daga aljihuna na biya kwamfuresa ta biyu.

A takardar nan dai akwai wasu haruffa da yawancinmu ke tsallakewa: N, ST ko T. Firji mai N an ƙera shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. To ka ɗauko mai N daga Jamus ka jingina shi da bango a ɗakin kwano a Garwa ko Marwa ko Njamena, ka ce me ya sa yake cin kwamfuresa duk shekara. Ba mayu ba ne. Irin wannan nakan gaya wa mai shi gaskiya: a matsar da shi daga bango, a riƙa share ƙurar hunturu daga ragar baya, in hali ya yi a ƙara masa 'yar fanka, idan an ɗauke wuta a zare shi, in ta dawo a jira minti biyar. Robar ƙofa kuma nakan gwada ta da takardar kuɗi: in na rufe ƙofar a kanta ta zare ba gardama, robar ta gaji.

Kasuwar kayan ita ma sai da ido. Akwai kwamfuresar da aka yanka, aka sake naɗa wayarta, aka yi walda, aka shafa baƙin fenti, aka manna mata takarda mai sunan kamfanin Embraco ko Danfoss. Ba na ƙin wadda aka gyara, talaka na amfana da ita, amma a kira ta da sunanta, a sayar da ita a kuɗinta. Nakan bi ɗinkin waldar da yatsa, in auna ƙafafun, in sa a jona ta a gabana.

Yanzu ina da nawa yaron shago. Jiya ya dawo daga wani gida a Rumde Ajiya yana haki, ya ce, "Maigida, kwamfuresar ta mutu." Na tambaye shi abin da aka rubuta a takardar. Ya sosa ƙeya. Na miƙa masa mita da rele guda biyu, na ce ya koma.