Kafin in miƙa makullin ɗakin gwaji

Ƙarshen watan nan zan bar ɗakin gwajin da na yi digirina na biyu a nan Kumasi. Ƙannenmu na Aboabo da Asawase da ke son shiga fannin nazarin ƙwayoyin halitta sun dame ni da tambaya, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta.

Aikina a kan E-kadherin ne, furotin ɗin da ke manne ƙwayoyin da suka shimfiɗe a bangon hanji da bututun ƙoda. Muna renon ƙwayoyin MDCK, na ƙodar kare, waɗanda Madin da Darby suka ware tun 1958, mu rina su, mu duba a maikiroskop. In komai ya tafi daidai, kadherin yakan zagaye gefen kowace ƙwaya, hoton ya fito kamar saƙar zuma. Nawa kuwa ɗigo-ɗigo yake fitowa a cikin ƙwayar, iyakokin sun ɓace.

Dokta, malamin da ke duba aikina, bai nemi dalili ba. A taron mako, gaban ɗalibai har da 'yan hidimar ƙasa, ya ce hannuna ba shi da tsabta, wai kuma mai barin ƙwayoyi ya tafi Juma'a ba zai ga sakamako ba. Nan take ya cire sunana daga masu zuwa taro a Accra. Na ce, "To, Dokta." Me kuma zan ce? Shi zai sa hannu a kundina.

Ashe ɓarnar tana cikin takardar ƙa'idar aiki da shi ya rubuta ya manna a bango. Ta ce a jiƙa ƙwayoyin, suna da rai, cikin ruwan wanki mai sinadarin EDTA kafin a daskarar da su don rini. Duk wanda ya zauna a ajin shekara ta biyu ya san kadherin ba ya riƙo sai da kalsiyam. Masatoshi Takeichi ya nuna irin wannan mannewar tun 1977. Ɓangaren E-kadherin da ke waje da ƙwaya gaɓa biyar ne, kalsiyam ke zama tsakanin gaɓoɓin ya miƙar da su har su kama na maƙwabciya. EDTA kuwa aikinsa ke nan, ya kwashe kalsiyam. Da ya kwashe, furotin ya yi laushi ya saki, ƙwaya ta janye shi ciki, sannan mahaɗar da ke toshe tsakanin ƙwayoyi, ta furotin klaudin da okludin, da ke samansa ita ma ta fara yoyo. Abin haushin, da wannan EDTA ɗin haɗe da tiripsin, mai yanka furotin, muke ɓamɓare ƙwayoyi daga kwalba kowane mako. Kowa a ɗakin ya san haka. Ba wanda ya haɗa biyun, saboda sunan da ke ƙasan takardar.

Na shirya faranti biyu, ɗaya bisa takardarsa, ɗaya da ruwan wanki mai kalsiyam daidai da na DMEM, ruwan da ake renon ƙwayoyi a ciki, milimola 1.8. Na biyun ya fito tas. Na ƙara na uku: na kwashe kalsiyam, na mayar, cikin 'yan awoyi iyakokin suka dawo. Da na nuna masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai na sani." Hotunan nan uku sun je Accra a cikin jawabinsa. Ni ban je ba. An ce ma an tafa masa.

Saboda haka, ƙanena, komai ka gwada rubuta shi a littafinka da kwanan wata, ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kanka ta imel. Ba na cewa kowane malami haka yake. Amma ka ɗauki hoton.

Sauran a taƙaice. Karanta jikin kwalba da idonka, ko da wa ya haɗa ruwan. Raba antibodi, abin da muke rini da shi, ƙanana-ƙanana a firiza, don dumso, wato ɗauke wuta, ba ya sallama. Girmama mai kula da kayan aiki, shi ya san injin da ke ƙarya. Kuma ka tafi Juma'arka. Ƙwayoyin da aka ciyar da safe ba sa mutuwa kafin la'asar.

Ban bar mahaɗun ƙwayoyi ba, kadherin kawai na bari. Yanzu hankalina na kan mahaɗar da ke buɗe ƙofa tsakanin ƙwaya da ƙwaya, inda furotin koneksin guda shida ke haɗuwa su yi rabin bututu, na maƙwabciya ya cika shi. A 1998 aka ruwaito wani canjin gado, mai suna R143W, a koneksin 26 tsakanin kurame a Adamorobe, ƙauyen da ke kusa da Aburi. A wannan fannin nake neman gurbi, a Accra, kuma takardar shaidar da na haɗa ta wata malama ce da ta ga farantan nan uku da idonta.