Abin da Gindin Kwanson Igwa Ya Koya Mini

Duk wanda ya daɗe yana tantance tsofaffin kwanson harsashin igwa na Birtaniya, da sun zo hannunsa gindi yake fara juyawa, don a nan aka buga tarihinsu. In ka ga 18 PR, na igwa mai harsashi mai nauyin fam 18 ne, wadda sojojin Birtaniya suka fi dogara da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tambarin kibiya mai yatsu uku shaida ce cewa kayan gwamnati ne. RL na nufin masana'antar makamai ta Wulwic a Landan, EOC kamfanin Elswick, VSM kuma kamfanin Vickers da Maxim, masu ƙera irin igwa mai faɗin baki milimita 75 da aka harba wa ganuwar Kano a 1903.

Haddace waɗannan ba wuya. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne fahimtar cewa ba rana ɗaya aka buga tamburan ba. Da tagulla ake yin kwanson, ita kuma tana da tsada, saboda haka bayan an harba, sai a tattara kwanson a mayar masana'anta, a gyara bakinsa, a sake ɗura shi. CF na nuna an cika shi da albarushin kodait cikakken awo, kuma duk F da aka ƙara a gaba, sake ɗuri ne. Shi ya sa za ka tarar da shekarar 1915 a gefen gindi, amma ɗan ƙyastun da ke tsakiya, mai kunna albarushin, yana ɗauke da 1917. Sabon shiga zai ce haɗe-haɗe ne ko jabu, alhali kwanson ne ya je fagen daga ya dawo ya sake komawa. Ƙarancin harsashi na 1915, wanda ya sa gwamnatin Birtaniya ta kafa ma'aikatar makamai ƙarƙashin minista Lloyd George, ya sa an yi odar kaya daga Amurka da Kanada. Na Kanada kibiyarsu tana zaune cikin harafin C.

Abin da ke ci mini rai shi ne goge-goge. Mutum ya samu kwanso, ya dirje shi har ya yi ƙyalli don ya zuba furanni, ƙananan tamburan masu duba inganci duk sun shafe. Ni buroshi mai laushi nake sa wa, in haska tocila a karkace, sai haruffan su fito da inuwarsu.

Shi kuwa harsashin kansa, wato ƙarfen da ke tashi, lamarinsa daban. Zoben jan ƙarfe da ke kusa da gindinsa, in ya yi zane-zane, an harba shi ke nan, amma wannan bai nuna ba zai iya fashewa ba. Har yau manoman Faransa da Beljiyam suna tono irinsu da garma, su bar su a bakin gona sai masu kwance bam sun zo ɗauka. Wanda ba a tabbatar an kwashe cikinsa ba, ba na taɓa shi, komai kyan tambarinsa.