Ranar da kwamfutata ta fara ƙas-ƙas

Ɗaukar hoto da bidiyon biki ce sana'ata a Kano, kuma duk abin da na ɗauko, daga kamu har walima, kan kwamfutar tebur guda nake juye shi. Wata Laraba da hantsi na kunna ta, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikin akwatin, kamar ana ƙwanƙwasa ƙyaure da farce. Gabana ya faɗi. A cikin rumbun ajiyar da ke wannan ƙarar, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis, akwai bikin 'yar wata Hajiya na kwana uku, ga shi na riga na goge katin kyamara don wani aiki. Mai gyara da ƙyar ya ceto rabi. Da na je ban haƙuri, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, ai amana muka ba ka." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na shiga kasuwa neman rumbu na biyu, wanda aikinsa ajiyar kwafi kaɗai. Araha ta ja ni. Wani yaron shago ya miƙo mini mai 4TB a leda, yana rantsuwa: "Yallaɓai, sabo ne dal." Na kai gida na jona, na buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta mai karanta lissafin da rumbu ke rubutawa game da lafiyarsa, wato SMART. Awannin aikinsa sun haura 31,000. Shekara uku da rabi ke nan yana juyawa dare da rana a wata ƙasa kafin ya iso hannuna! Na mayar, aka yi ta ja-in-ja, aka ba ni kuɗina da ragi. Daga baya na gane ashe sa'a ma na yi, domin akwai masu goge lissafin ya koma sifili. Tun daga nan nake shigar da lambar jikin rumbu a shafin kamfaninsa in ga ko garantinsa na nan, tun ina tsaye a bakin shago.

Kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera wannan kaya: Seagate, Western Digital da Toshiba. Na ɓata kwanaki ina tambayar wanne ya fi, kowa na yabon nasa. Abin da ya amfane ni na gaske shi ne bambancin CMR da SMR, hanyoyi biyu na jera rubutu a cikin rumbu, wanda ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba. A CMR kowane layin rubutu yana da filinsa. A SMR kuwa layukan hawa juna suke kamar kwanon rufi, in za ka canza ɗaya sai ka ɗaga na kusa da shi. Shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma in ka zuba masa bidiyo mai nauyi zai fara da gudu, can sai ya koma tafiyar hawainiya. A 2020 an yi ta surutu da aka gano wasu rumbunan Western Digital da ake kira WD Red, masu 2TB zuwa 6TB, SMR ne, har kamfanin ya ware sunan Red Plus ga masu CMR. Ga wanda takardu kawai yake ajiyewa SMR ba laifi. Ni mai juye bikin kwana uku a dare ɗaya, CMR na nema, irin su Red Plus, IronWolf ko N300, mai inci 3.5 da mahaɗin SATA. Gudun juyawa, 5400 ko 7200 a minti, bai dame ni ba. Mai 5400 ma ya fi sanyi da shiru, kuma wanda ya san zafin Afrilu a Kano ya san darajar wannan.

Da na samu sabo na gaske ban yi gaggawar yarda da shi ba. Na tsara shi a GPT, wato sabon tsarin raba filin rumbu, don tsohon tsarin MBR ba ya wuce 2TB. Windows ta nuna 3.63TB maimakon 4, ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne. Sannan na cire alamar gogewa ta gaggawa, na bar shi ya bi rumbun kaf yana rubutawa. Ya ci kusan awa tara, rabinsu a kan janareto, uwargida na ta tambayar me ake dafawa da man fetur haka. Da ya gama na duba layi uku a SMART: lamba 5, 197 da 198, masu ƙirga gurbin da ya lalace ko yake shirin lalacewa. Duk sifili. Har gobe duk farkon wata sai na leƙa su.

Mai gyaran nan ne ya ƙara buɗe mini ido. Ya ce, "Oga, rumbu biyu a akwati ɗaya, wuta ɗaya suke sha. Ranar da aka kawo ta da ƙarfi, tare za su tafi." Gaskiyarsa. Na sayi UPS, na'urar da ke kare kwamfuta daga matsalar wuta, na sa fanka a gaban rumbunan, in hunturu ya shigo kuma in buɗe akwatin in hure ƙura. Na kuma ƙara rumbu na uku da ba ya kwana a kwamfuta. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake jona shi in kwafe aikin mako, in buɗe bidiyo biyu ko uku in tabbatar suna tafiya, sannan in sa shi a ledarsa in kai gidan yayana a Gwammaja. Katin kyamara kuwa ba na goge shi sai aikin ya zauna wuri uku.

Bara Hajiya ta aurar da autarta. Wani mai hoton ta kira.