In, on, at: ashe laifin takardata ne

Jiya da daddare sai da na ji kunya a gaban 'yata mai shekara takwas. Na ba ta aikin cike gurbi na Turanci da na tsara da hannuna, lamba ta shida ta ce: The cat is ___ the box. Ta rubuta under, ni kuwa na zabga mata jan biro, don amsar da ke kaina ita ce kalmar in. Ta ɗago ta ce, "Baba, ai kyanwa tana iya shiga ƙarƙashin kwali." Na buɗe baki na rasa ta cewa. Gaskiyarta. On ma ta zauna, behind ta zauna, near ta zauna. Gurbi ɗaya, amsa ta fi biyar.

Na koma na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, cikin 20 guda 7 duk haka suke. Ga shi na riga na buga takardu 30 don in raba wa yaran da muke karatu tare. Duk sun tashi a banza, abin ya ci mini rai. Yanzu kowace tambayar wuri sai na zana hoto a gefenta, ko da yake kyanwata ta fi kama da akuya, ko kuma in sa jimlar da za ta toshe sauran ƙofofin: Open the box. The cat is ___ it.

Amma wanda ya fi ba mu wuya shi ne na lokaci, yau mako uku muna fama. Mu a bakinmu da safe, da dare, da ƙarfe bakwai, duk "da" ɗaya ce ke ɗaukar kayan. Turanci kuwa ya raba su gida uku: in the morning, at night, at seven o'clock. Na zana mata tsani: in ta shekara da wata ce, in 2024, in July, on ta rana ce, on Monday, on 5th May, at ta ƙarfe kaza ce. Kwana huɗu tana cinye komai, har na fara cika baki a gida.

Sai morning ta rusa tsanin. Safiya ba ta kai rana guda tsawo ba, amma in take ɗauka. Dare kuma, ɗan'uwanta na jini, at yake ɗauka. Ta tambaye ni dalili, na ce haka masu harshen suka ga dama, ta haddace su dunƙule kamar suna ɗaya. Da ƙyar ta yarda. Tana haddace in the morning sai ga I go to school ___ Monday morning. Ta sa in, da hujjarta. Amsar kuwa on ce.

Abin da ya warware mana shi ne na hana ta kallon gurbin da farko. Ta fara sa yatsa a kan kalmomin da ke bayansa, ta nemi sunan rana. Idan akwai Monday ko Friday, magana ta ƙare, on ce, ko da morning ko night na biye. Idan babu, sannan ta hau tsani. Na kuma cire wata muguwar tambaya da na sa, ___ next Monday, don bayan na duba na ga ba a sa komai kafin next, last, this da every. Wato na ba yarinya gurbin da ba ya son a cike shi.

Yau da safe ta ci 18 cikin 20, wallahi har da tafi na yi. Biyun da ta faɗi kuwa na mota ne: ta rubuta in the bus, tunda na koya mata in the car. Na so in ce mata abin hawan da za ki iya miƙewa ki yi tafiya a cikinsa on yake ɗauka, bas, jirgin ƙasa, jirgin sama. Sai na tuna da on a bicycle, na haɗiye maganata. Wannan sai ranar Asabar.