Kalma ɗaya ta kusa rushe mana sulhu

Har yau in na tuna da yammacin nan sai gabana ya faɗi. A zauren mai unguwa aka miƙa mini biro, aka ce in rubuta takardar sulhu tsakanin wasu dattawa biyu da suka yi damina biyu suna jayayya kan iyakar gona. An daidaita, an yi musabaha, aka ce in karanta. Na gyara murya: "A yau waɗannan abokan gaba biyu sun amince..."

Ban kai ƙarshen layin ba, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu.

"Yaro, wa ya ce maka muna gaba? Ranar sunan jikarsa ni na yanka ragon."

Ɗayan kuwa ya fara laluben takalmansa, wai ashe abin da ake faɗa a gari ke nan.

Ni a zatona duk wanda kuke ja-in-ja da shi abokin gabanka ne. Ashe gaba tana da nauyinta: ba sallama, ba gaisuwa, ba zuwa jana'iza, irin waɗanda ake cewa ba sa ga maciji, wato ko maciji ɗaya ya gani zai sari ɗan uwansa ba zai yi magana ba. Ga shi addini ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana 3. Ka ga zunubi na ɗora musu a rubuce, a gaban jama'a. Kuma "aboki" da ke jikin kalmar bai bar kowa ba. Maƙiyi yana iya ƙinka kai ba ka sani ba, amma gaba mutum biyu ke riƙe ta. Kalmar yaƙi ce, irin ta rundunar Yunfa Sarkin Gobir da jama'ar Shehu Ɗanfodiyo a Tabkin Kwatto a 1804. Ko Real Madrid da Barcelona abokan hamayya ake ce musu, ballantana maƙwabtan da sahu ɗaya ke haɗa su kullum.

Liman ne ya cece ni. Ya karɓi takardar, ya soke kalmar da hannunsa, ya ce, "Rubuta 'yan uwa biyu da suka sami saɓani." Na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni." Sai da aka kira magariba kafin mai takalman ya yarda ya dangwala yatsa.

Yanzu duk takardar da aka ba ni, sai na karanta wa wani dattijo a gefe tukuna. Kwafin waccan yana cikin akwatina, da layin da liman ya ja.