Na shafa wa kwanon gidanmu farin fenti

Duk wanda ke kwana ƙarƙashin kwano a Sakkwato ya san Afrilu. Zafi kan haura digiri 40 a inuwa, tsohon kwanon da ya yi tsatsa kuwa, da azahar ba ka iya ɗora masa hannu. Ɗakin Hajiyarmu ba silin, zafin kai tsaye yake sauko mata, shi ya sa na fara da nata.

Labarin Ahmedabad ta Indiya ne ya ja hankalina. Zafin watan Mayun 2010 ya kashe musu mutum fiye da dubu, a 2013 suka fito da tsarin kare jama'a daga zafi, a 2017 kuma aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Na ce abin da ya yi musu magani ai zai yi mana.

Shafa fentin shi ne ƙaramin aikin. Wahalar tana wajen gyara kwanon. Ni da mai fenti muka kankare tsatsa da buroshin ƙarfe har garin ja ya cika mana farce, muka wanke ƙura, muka liƙe bakin ƙusoshin da ke yoyo, sannan aka bi wuraren da suka ci da jan fentin hana tsatsa. Sai da ya bushe muka yi farin, shafi biyu. Bayan sallar asuba ake hawa, domin rana na ɗagawa fentin yakan bushe kafin ya kama ƙarfen. Kuma layin ƙusa kaɗai ake takawa, nan ne katako yake.

Maƙwabcina ya ce me zai hana in sauya sabon kwano, ai ƙyallinsa ma korar rana yake. Gaskiya ne yana mayar da haske, amma ƙarfe tsurarsa ba ya saurin sakin zafin da ya riga ya sha. Farin fenti yana yin duka biyun: sabonsa na iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana, ɗan abin da ya shiga kuma ya fitar da shi.

A makon farko Hajiya ta daina fitowa da tabarma gindin darbejiya da rana. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji ta, "yau na yi ƙailula a ɗakina." Da dare dai bambancin kaɗan ne, bangon bulo yana riƙe zafinsa har tsakar dare, sai an buɗe tagogi.

Babban abokin gabar aikin shi ne ƙurar hunturu. Kafin ƙarshen Fabrairu farin ya koma ruwan ƙasa, don haka nake wanke shi da ruwa da tsintsiya mai laushi kafin bazara ta kankama. A rufin kicin na gwada farar ƙasa saboda arha. Ta sanyaya, amma damina ɗaya ta wanke ta, dole a sake duk shekara.

Abin da ke damuna shi ne yayin baƙin rufi da ruwan kofi a sababbin unguwanni. Mutum ya kashe miliyoyi ya ɗora wa gidansa launin da ya fi kowane shan rana, sannan ya koma sayen man janareto don sanyaya ɗaki. Ƙanena yana gini yanzu, na bi shi kasuwa da kaina muka zaɓi farin kwano.